Sukarin da muke sha da hantar da ba ta kuka

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatan lafiya na sansani ta yi a taron iyaye maza da mata. Mun buga shi yadda ta faɗe shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansu.

 

Tun kafin in buɗe baki na ga wasu na murmushi, don an riga an gaya muku yau maganar ƙiba da sukari za mu yi. Ɗazu a bakin famfo wata baba ta tare ni ta ce, "Ƴar nan, mu da muka baro rumbunanmu muka ƙetaro iyaka da kayan jikinmu, mu da ke auna hatsi da tiya don ya kai mu ƙarshen wata, mu ne za a tara a yi wa wa'azin ƙiba?" Baba, kina da gaskiya, kuma da amsarki zan fara. Ba wanda zai tsaya nan ya ce ku rage tuwo, ko wake, ko miya. Abincin ma bai wadata ba, mun sani. Maganata a kan abin da muke sha ce: lemun kwalba, malt, garin jus na leda, zoɓo da lamurje masu zaƙin tsiya, da uwa uba shayi.

Yunwa da ƙiba suna iya kwana a ɗaki ɗaya. A ƙasar Aljeriya, kusa da garin Tinduf, akwai sansanonin ƴan gudun hijirar Yammacin Sahara, mutanen da suke zaune can tun wajen 1975. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya gano cewa fiye da rabin matan da aka auna nauyinsu ya wuce kima, kuma kusan gida ɗaya cikin huɗu akwai mai ƙiba, akwai kuma mai fama da ƙarancin abinci, a tukunya ɗaya suke ci. Su ma kamar mu, abincin agaji suka dogara da shi, su ma mashaya shayi ne. Na kawo labarinsu ne don sun riga mu daɗewa a irin wannan zama, abin da ya same su kuwa mun fara ganin alamunsa a ɗakin awo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A gida, ko a Sakkwato ne ko Zamfara ko Katsina, yawancinku da asuba kuke fita gona, ko ku bi dabbobi, ko ku taka zuwa kasuwar ƙauye da kaya a ka. Abin da kuka ci, jiki ya ƙone shi kafin la'asar. A nan kuwa magidanci zai wuni a inuwa ba don lalaci ba, don babu gonar da zai je. Tunani ya yi yawa, barci ya ƙi zuwa, sai a ɗora buta. A sha na farko, a sha na biyu, a sha na uku, kowanne ya fi na baya zaƙi. Ban raina wannan zama ba. Na san a fadar shayi ne ake jin labarin gida, a nan ake yi wa juna ta'aziyya, a nan mai damuwa yake samun wanda zai saurare shi. Butar ta zauna inda take. Sukarin da ake zuba mata ne muke da magana da shi.

Ku dubi abin da ke hannuna. Wannan robar lemu ce ta rabin lita. Yawancin irin waɗannan lemuka suna ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100, wato robar nan tana da kusan giram 50. Ƙwarar sukari ta kwali, wadda muke jefawa a shayi, tana kai kusan giram 5. Ku ƙirga tare da ni: ɗaya, biyu, uku, har goma. Ga su a faranti. Wa zai zauna ya tauna ƙwara goma a zama ɗaya, ko ya miƙa wa ɗansa ya ce cinye? Amma in an narkar da su a ruwa mai sanyi, an sa kala, sai mu shanye cikin minti biyar, har mu ce da ma a ƙaro.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Ga babban mutum, wannan kusan giram 50 ke nan, wato ƙaramin cokali 12. Ta ce kuma in an iya saukowa zuwa giram 25, cokali 6, ya fi. Kun ga robar nan ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya, tun ba a zo kan koko da shayi ba. Wanda ke shan ɗaya kullum, a shekara ya sha kilo 18 na sukari. Hukumar ta haɗa har da zuma da ruwan ƴaƴan itace da aka matse a wannan lissafi, don haka kada wani ya ce ya bar sukari ya koma zuma, ya tsira.

To ina sukarin nan yake zuwa? A nan hanta ta shigo. Ku ɗora hannu a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Nan take, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke karɓar abin da hanji ya tsotsa daga abinci, ta tace, ta ajiye na ajiyewa, ta kashe guba, ta yi ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama yana narkar da mai. Sukarin da muke saye kashi biyu ne haɗe. Rabi ana kiransa gulukos, shi kowane sashe na jiki yana iya ƙone shi. Ɗaya rabin ana kiransa furuktos, shi kuwa yawancin aikinsa kan hanta yake faɗawa. In kaɗan ne ya zo a hankali, kamar yadda yake zuwa idan ka ci mangwaro ko goruba da ɓargonsu da zarensu, hanta ta iya da shi. In ya zo da yawa lokaci guda a cikin ruwa, sai ta juya rarar ta zama kitse, wani ta tura shi jini, wani ya zauna a cikinta. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Idan kitsen ya wuce kashi 5 cikin 100 na hantar, shi ne likitoci ke cewa mutum yana da kitsen hanta.

Mahautan da ke cikinmu sun riga ni sanin wannan. Hanta mai lafiya ja ce mai duhu, sumul. Wadda kitse ya cika takan yi fari-fari ko ɗorawa, ta yi laushi. A Faransa har da gangan ake yi: ana ɗura wa agwagi masara fiye da ƙima har hantarsu ta kumbura da kitse, a sayar da ita da tsada. Agwagwar ba ta sha giya ba, ba ta ci nama ba. Na faɗi haka ne don sau da yawa in an ce wa mutum hantarsa ta yi kitse sai ya ɓata rai ya ce, "Subhanallahi, ni ban taɓa ɗanɗana giya ba." Ba a zarge ka ba, Malam. Wannan ciwo na waɗanda ba sa shan giya ne ma, kuma ya zama ruwan dare: a duniya ana ƙiyasta kusan babban mutum ɗaya cikin uku ko huɗu yana da shi.

Wata matsalar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya ƙosarwa. In ka ci tuwo, ciki yakan gaya maka ya isa. In ka sha lemu, ciki ba ya lissafa shi, sai ka zauna ka ci tuwonka cif kamar ba ka sha komai ba. Shi ya sa tumbi ke fitowa a hankali. Kuma kada siriri ya ce ba da shi ake ba. Akwai mai siraran hannuwa da ƙafafu amma ga tumbi a gaba, kuma kitsen ciki shi ne abokin tafiyar kitsen hanta, da ciwon sukari, da hawan jini.

Hanta ba ta kuka da wuri. Haƙori in ya ruɓe, ba ka barci. Hanta kuwa za ta yi shekaru tana tara kitse ba ka ji komai ba, in ban da kasala ko ɗan nauyi a gefen dama, abin da kowa zai ce gajiya ce. Yawanci a hoton ciki ake ganinsa, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ko a gwajin jini. Ga mutane da yawa iyakarsa ke nan. Ga wasu kuwa kitsen yakan jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabo ya hau kan tabo har hanta ta taurare ta kasa aiki, wani lokacin ma daji ya biyo baya. In an kai nan, maganin yana da wuya ko a manyan asibitocin birni, balle a nan.

Mu kuma a wannan yanki muna da ƙarin dalilin tsoro. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma da yawa masu ɗauke da shi ba su sani ba, tun suna jarirai suka kamu. Hantar da ke fama da wannan ƙwayar cuta, in aka ƙara mata kitse, jaki ne da ya sha kaya aka ɗora masa wani buhu. Wanda aka taɓa gaya masa yana da nau'in B, maganar yau tasa ce fiye da kowa. Iyaye mata kuma kada ku bari allurar rigakafin jarirai ta wuce ku, don akwai ta wannan ciwo a ciki.

Abin farin ciki shi ne hanta tana da yafiya. Matuƙar ba ta kai ga taurarewa ba, kitsen yana narkewa. Mai ƙiba in ya sauke kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, kitsen hanta yana raguwa. In ya kai kashi 7 zuwa 10, kumburin ma yana lafawa. Mai kilo 80, kilo 4 ake nema da farko, sannan a nufi 8, a hankali cikin watanni, ba tare da ya hana kansa abinci ba. Kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta kofi, don ba ta taɓa abin da ke tukunya.

Yanzu ku kasa kunne sosai, don wannan ɓangaren ne nake tsoron a juya mini magana. Akwai waɗanda sukari magani ne a gare su. Yaron da ke gudawa aka ce a ba shi ruwan gishiri da sukari, a ba shi, ko na leda da muke rabawa, ko wanda aka haɗa a gida da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yaron da ke karɓar abincin tamowa na leda, mai kama da tunkuza, yana da zaƙi, kuma dole ya cinye rabonsa duka, ba a raba shi da yayyensa, ba a kai shi kasuwa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, in ya ji rawar jiki da gumi da jiri, a ba shi abu mai zaƙi nan take sannan a kawo shi. Mai juna biyu da mai shayarwa ba a ce su rage nauyi ba, su ci su ƙoshi, lemun kwalba kawai za su ajiye. Tsoho ko mara lafiyar da ya rame, shi ƙari yake buƙata. Kada in ji an ce ma'aikaciyar lafiya ta hana sukari, an bar yaro ya bushe da gudawa.

Sauran mu fa, ya za mu yi? Na ga masu cewa daga gobe sun daina gaba ɗaya, kwana uku su dawo. Harshe horo yake so. Mai jefa ƙwara huɗu a kofi ya koma uku, ya yi sati biyu a haka, sannan biyu, sannan ɗaya. Bayan wata ɗaya ko biyu, in aka ba ka irin shayinka na da, kai da kanka za ka ce ya yi zaƙi da yawa. Mai haɗa shayin fada shi ne sarki a nan: in ya rage, kowa ya rage ba tare da gardama ba. A ƙara na'ana'a, citta, kanumfari, sai ƙamshi ya rufe gurbin zaƙi. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ce, don haka wanda ya zuba ta ya kuma jefa ƙwara, sau biyu ya sa. Malt kuma, na san ana kai wa mai jego da mara lafiya wai yana ƙara jini. Sukarinsa bai gaza na lemu ba. In jini ake nema, ga wake, ga zogale, ga kifi, ga hantar kanta in an samu, ga ƙwayoyin ƙarin jini da muke ba masu ciki kyauta. Kuma shayi kan abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, don haka mata ku bar tazara tsakaninsu.

In ƙishirwa ce, maganinta ruwa. Sai dai ruwan ya zama mai tsabta, don ƙazamin ruwa shi ma yana da nasa ciwon hantar. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a jihar Diffa tsakanin mutanen da rikici ya raba da gidajensu, kuma mata masu ciki ne suka fi mutuwa. Ku ɗebo a famfo, ku rufe jarka, ku sa ƙwayar tace ruwa in an ba ku, kada a tsoma hannu a randa. Wanda ruwa zalla ya gundure shi, ya jiƙa tsamiya ko garin ƴaƴan kuka, ko ya matsa lemun tsami. Fura da nono abinci ne mai kyau, kakanninmu sun sha shi ba tare da cokali uku na sukari ba. Yara kuma, jariri nono kawai har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata, kuma kafin shekara biyu kada a saba masa da abin sha mai sukari. Abin da harshen yaro ya saba da shi, shi zai nema har girmansa.

Ga ƴan uwana masu sana'ar zoɓo da lamurje da ƙanƙara, na ga kun yi shiru. Na san da wannan ciniki kuke sayen sabulu da cefane, ba kuma na son in kashe wa kowa kasuwa. Amma ku yi lissafi, a cikin kayan haɗinku me ya fi cin kuɗi in ba sukari ba? Ku rage kaɗan-kaɗan, ku ƙara citta da kanumfari, ku ajiye wani kaso mai ɗan zaƙi kaɗan don tsofaffi da masu ciwon sukari, waɗanda yanzu wucewa suke yi ba sa saye. In ku duka masu sayarwa a layi ɗaya kuka haɗa baki, ba wadda mai saye zai gudu ya bari.

Maganar kuɗi ta shafi kowa. Wanda ke kashe dala ashirin kullum a kayan zaƙi, a wata jaka uku ce, a shekara jaka talatin da shida. Ku je kasuwar dabbobi ku tambayi abin da wannan kuɗi zai saya. Ko gwamnatoci sun lura da abin: a Nijeriya dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemu mai sukari.

Azumi in ya zo, a nan aka fi ɓarna. Mutum ya wuni bai ci ba, ana kiran salla sai ya cika ciki da jus mai sanyi kofi biyu uku, shi ya sa wasu ke fita daga watan sun fi yadda suka shiga nauyi. Dabino kaɗan da ruwa, sannan kunu mai sauƙin zaƙi, sannan abinci.

Akwai wata maganar da mata kaɗai na so in gaya wa, amma gara mazan su ji, don sau da yawa saboda su ake yi. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tire, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da yawansu magunguna ne masu ƙarfi da aka yi don wasu cututtuka dabam. Suna kumbura fuska da ciki, suna tayar da sukarin jini da hawan jini, suna tara kitse a hanta. Amaryar da ake shirya wa biki da su, cuta ake saya mata. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallatawa wai suna wanke hanta. Duk abin da ka haɗiye, hanta ce za ta yi fama da shi, kuma mun ga waɗanda irin wannan wanki ya kwantar. Ko farasitamol, in aka wuce adadin da aka rubuta, yana lalata ta.

Motsi kuma yana taimaka wa hanta ko nauyi bai sauka ba. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Mata masu ɗiban ruwa da daka da surfe, yawancinku kun wuce haka. Iyayena maza na fada, da ku nake. Bayan la'asar in rana ta yi sanyi, ku tashi tare ku zagaya cikin sansani, hirar ba za ta yanke ba don ana tafiya.

In kuka ga idon mutum ya yi ɗorawa irin na shawara, ko ciki da ƙafafu sun kumbura, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya fara ruɗewa yana barci da rana, wannan ba na jira ba ne. A kawo shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Na ƙarshe, ga igiya. Ba sai da sikeli mutum zai san matsayinsa ba. Ka auna tsawonka da igiya daga ƙafa zuwa ka, ka yanke, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai saitin cibiya ko sama kaɗan. In bakin biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa, ka zo mu auna maka sukarin jini da hawan jini, mu zauna mu duba abin da kake sha a rana. Mai juna biyu ba ta cikin wannan awo. Mun kawo igiyoyi da yawa. Maza su tsaya nan gindin bishiya, abokin aikina zai auna su. Mata ku biyo ni cikin tanti, Baba ke ce ta farko.